Yadda ake hana fulogin yi wa manhaja ɓarna a bayan fage

Akwai wani shago a Kasuwar Barci da na haɗa musu manhajar lissafin kaya, rannan mai shagon ya kira ni ransa a ɓace wai kwastoma ɗaya ya samu saƙon rasit har sau uku. Da na duba ashe fulogin ɗin tura SMS ne (plugin, wato ƙaramin shirin da ake jona wa manhaja don ya ƙara mata wani aiki), duk sanda aka kashe shi aka kunna sai ya sake kafa kunne a kan sito (store, inda manhajar ke ajiye bayananta), na baya kuma yana nan ba a cire ba. Ga yadda nake yi tun daga ranar, da Redux (kayan aikin da ke riƙe bayanan manhaja a sito ɗaya) nake aiki amma ko da wani kake amfani hanyar kusan ɗaya ce.

Da farko ka raba aiki. Ridusa (reducer, mai sabunta bayanan sito) ya karɓi halin da ake ciki da action (saƙon abin da ya faru), ya dawo da sabon hali, shi ke nan, ba ruwansa da kiran saba (server) ko buga rasit ko duba agogo. A kan wannan ƙa'idar Dan Abramov da Andrew Clark suka gina Redux a 2015. Duk aikin da zai taɓa waje ka kai shi middleware, wato ɓangaren da action ke bi kafin ya isa ridusa, ni createListenerMiddleware na Redux Toolkit na fi so.

Na biyu kar ka damƙa wa fulogin sito gaba ɗaya. Buɗe masa 'yar ƙofa kawai, ya iya dispatch (tura action), ya karanta nasa ɓangaren, kuma kowane action nasa ya ɗauki sunansa a gaba kamar sms/aika, don in an yi ɓarna ka san gidan wa za ka.

Na ukun nan shi ne inda na ƙone, don Allah ka natsu a kansa. Duk sanda ka kira startListening don kafa kunne a kan sito, yana dawo maka da function na cire wannan sauraron, yawancinmu ba ma ko kallonsa muke wucewa. Ka tara su a jeri ɗaya na wannan fulogin, ranar da za a kashe shi uwar manhaja ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta kira, da cancelActive: true don wanda ke tsakiyar aiki ma ya tsaya. Kar ka bar wa mai rubuta fulogin wannan sharar, zai manta wallahi. VS Code, manhajar rubuta code, ma haka yake yi wa nasa fulogin da context.subscriptions.

Sai batun netwok, ka san halinsa a cikin kasuwa. Miƙa listenerApi.signal ga fetch (mai kiran saba) don a iya katse kiran, sannan kowace ciniki ka ba ta lamba tata wadda saba za ta duba ta ƙi maimaici. Ka kuma sa onError yana rubuta kuskuren da ya faru.

Kafin ka kai wa mai shago, kashe fulogin ɗin ka kunna sau goma, sayar da sabulu ɗaya, ka ƙirga saƙo nawa ya shigo wayarka.