Aikin ƙarfi da hawan jini, yadda zaka bi da jikinka

Duk wanda ya taɓa huɗa da garma ko ya ɗau buhun shinkafa a kasuwar Kura ya san yadda zuciya ke bugawa fat-fat. Wannan ba ciwo bane. In kana zaune zuciya na tura jini kusan lita 5 a minti ɗaya, amma in aiki ya kankama sai ta kai lita 20, kuma yawancinsa naman hannu da ƙafa yake tafiya, a rage wa hanji da ƙoda rabonsu. Shi yasa in ka cika cikinka da tuwo kada ka faɗa gona nan take, bari abinci ya faɗa tukuna.

Awon hawan jini lamba biyu yake bayarwa, ta sama da ta ƙasa. Lambar sama kan hau lokacin aiki, har 180 tana iya kaiwa ga lafiyayyen mutum, ta ƙasa kuwa ba ta cika motsawa ba, kuma in ka huta jinin yakan sauka ƙasa da inda yake a da na wasu awanni. Toh kaga mai hawan jini bai kamata ya naɗe hannu ya kwanta ba, tafiya da tuƙa keke da sharar gona duk suna taimaka masa.

Inda matsalar take shine ɗaga kaya mai nauyi kana riƙe numfashi, anan ne jini ke hawa farat ɗaya, dan haka baba in kasan kana da shi ka bar wa samari buhu, ba abin kunya bane wallahi, in kuma dole ce to ka dinga fitar da iska lokacin da kake ɗagawa. Hajiya ke ma haka wajen jan guga da daka.

Fara aiki a hankali da sanyin safiya, ka riƙa kurɓar ruwa tun kafin ƙishi ya kama ka. In zaka tashi daga aiki kada ka tsaya cak, ɗan taka kaɗan, in ba haka ba jini ya taru a ƙafa jiri ya kwashe ka.

Awo kuma, kada ka sauko daga keke ka miƙa hannu a kemis. Zauna minti 5, kuma ba goro ba sigari rabin awa kafin nan. In yana kai 140/90 ko sama a ranaku daban-daban ka je asibiti. Ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, ko hannu ya mutu ko baki ya karkace, wannan a aje fartanya a nemi mashin ko mota zuwa asibiti yanzu-yanzu.