Yadda ake fita da iyali yawon bahar a kwana a gaɓa lokacin damina

Mu na Mai Wurno, Sinnar da Sinja har zuwa Damazin a Sudan kowa yasan yadda yara ke matsa wa mutum a kaisu bahar, wato kogin Blue Nile, su shiga markab, wato jirgin ruwa, a kwana a waje. Abu ne mai yiwuwa ko da damina, amma fa ka riƙe cewa ba ruwan saman garinmu ne ke cika kogin nan ba. Daga tafkin Tana yake tasowa a Habasha, ruwan da aka zuba can kan duwatsu shi ke iso mana daga baya, sai kaga sama garau babu ko gajimare amma kogi na ta hawa yayi jawur da laka. Daga Yuli zuwa Satumba kenan, ƙarshen Agusta da farkon Satumba kuma sunfi tsanani.

Da farko tun kafin a sayi ko sukari, jeka mashaya ta bakin kogi inda jirage ke tsayawa ka zauna da masunta da masu fito. Ka tambayi rayyis, wato shugaban jirgi, kai tsaye, Baba yaya ruwa kwana biyun nan, hawa yake ko sauka? Su ne ke fara gane an buɗe ƙofofi a madatsar Rusairis ta 1966 ko ta Sinnar da aka gama tun 1925, ga kuma babbar madatsar Habasha da aka fara tara wa ruwa a 2020, duk waɗannan na iya canza kogi cikin dare ɗaya. In yace a bari to a bari, ko yara zasu yi kuka. Ka tambayi lafiyar hanya kuma, tun yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ba ko'ina ake zuwa kai tsaye ba, sannan ka faɗa wa wani a gida inda zaku sauka da lokacin dawowa.

Sai maganar jirgi, nan ne nake so a tsaya sosai. Ka shiga da kanka ka duba ƙasansa ko yana yoyo, ka tabbata akwai filafilin tuƙi na hannu da igiya da gwangwanin kwashe ruwa ko da inji sabo ne, dan inji na mutuwa. A Agustan 2018 a jihar Nahar Nil haka akayi, inji ya tsaya a tsakiyar ruwa jirgi ya kife da 'yan makaranta, sama da 20 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Kowane yaro yasa rigar ruwa daidai jikinsa a ɗaure, ka kama ta kafaɗa ka ɗaga sama, in ta zame ta rufe masa kunne tayi yawa. Jarka fanko mai murfi tana taimako in babu komai amma bata kai riga ba, dan hannun yaro na gajiya ya saki. Yara a zauna a ƙasan jirgi tsakiya, kowane babba yasan yaron da ke wuyansa da suna, ba a ce kowa na kallon kowa ba. Uwar gida da ke goyo ta sauke jariri ta riƙe a gaba, mayafi da tobe kuma a naɗe su kar su yi ta jan ƙasa, tufa in ta jiƙe nauyi take. In jirgi ya cika gara ayi sawu biyu.

Kaya ba sai da yawa ba, mushamma (tamfol) babba da igiyoyi, gidan sauro na kowa, tocila, ashana da waya cikin leda a ƙulle, kayan sawa na canji suma cikin leda, ruwan sha daga gida. In ya ƙare a tafasa na kogi bayan laka ta kwanta, kwalara ba wasa bace.

Wajen kwana kuma ido na ruɗin mutum. Tsibirin yashi mai kyau a tsakiyar ruwa, ko inuwar bagaruwa a kwari, ko cikin busasshen kor, wato rafin da ke cika da damina, duk a barsu. Dajin bagaruwar nan na bakin kogi dama a fadamar da ruwa ke shiga duk shekara yake, ka duba jikin itacen zaka ga layin laka inda ruwan bara ya tsaya, wani lokacin yafi tsawonka. Ka hau tudu sama da wannan layin, amma kar ka kafa tanti a leɓen gaɓa mai tsayi dan ruwa na cinta ta ƙasa ta rufta, abinda ake cewa haddam. Ka isa da la'asar sakaliya tun da haske, ƙofar tanti ta juya wa gabas baya tunda ta can hadari yafi tasowa, a haƙa ɗan rami kewaye ruwa ya bi. Sannan ka soka sanda daidai bakin ruwa, bayan magariba ka duba, bayan isha ka sake dubawa da tocila, in ruwa ya wuce sandar yana ci gaba to a tattara a ƙara hawa sama a daren, kar a jira asuba.

In hadari ya haɗo kuna kan ruwa, iska mai sanyi ko jan ƙurar habub ce ke fara zuwa, a nufi gaɓa mafi kusa nan take ba sai inda aka yi niyya ba. Ka ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa, kowane sakan 3 kusan kilomita ɗaya ne, in bai kai sakan 30 ba tana kusa. Ba a fakewa ƙarƙashin doguwar bishiya ita kaɗai, tanti ma baya tare tsawa, in akwai mota ko ɗakin gini kusa can za'a shiga. Bayan tsawar ƙarshe a ƙara minti 30 kafin a koma jirgi.

Da sanyi ya sauko za'a so jawo kaskon gawayi cikin tanti ayi shayi, dan Allah kar ayi, iskar gawayi bata da wari kuma tana kashe mutum cikin barci. A dafa a waje ƙarƙashin mushamma a buɗe. Da safe a kakkaɓe takalma da tabarma saboda kunama da maciji suma tudu suke gudowa, in rayyis yace ruwa ya ƙaru cikin dare a bar jirgin a ɗaure a nemi mota ko karo (amalanke) a koma ta ƙasa. Yaron da yayi zazzaɓi cikin sati biyu da dawowa a kaishi gwajin maleriya a ranar.