Babi na 6: Ƙwaƙwalwa da Fushi

Darasi na 1

Ɗora tafin hannunka a goshi. A goshi na ce, ba a ƙirji ba. Madalla. Bayan wannan ƙashin akwai gaban ƙwaƙwalwa, shi ne birkin mutum idan rai ya ɓaci. Zuciyar da ke bugawa a ƙirji aikinta harba jini ne. Tunani da hali kuwa daga ƙwaƙwalwa suke fitowa, ita da nauyinta bai kai kilo 2 ba.

A 1848, a Amurka, wani ma'aikacin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage ya yi hatsari. Sandar ƙarfe ta shiga ta kuncinsa na hagu, ta ɓullo ta saman kai. Bai mutu ba. Amma mutumin da aka sani da natsuwa sai ya koma mai ashar, marar haƙuri. Wurin da hannunka yake ne ya lalace masa.

Darasi na 2

Idan an ɓata maka rai, jiki yakan riga hankali tashi. Ƙirji ya buga, tafin hannu ya yi gumi. Birkin nan yana bukatar ɗan lokaci kafin ya kama.

Da farko rufe baki. Nan ne kowa ke faɗuwa, don haka kada ka karaya. Rufe baki, ja numfashi ta hanci kana ƙirga 1 zuwa 4 a zuci, ka sake shi a hankali. A zuci, Malam, ba da murya ba. Bakin yana rufe? Duba. In kana tsaye, zauna. Sake ja, sake saki, bakin dai a rufe.

Hajiya, "bari in faɗa masa ɗaya tak" ba rufe baki ba ne. Tsaki ma ba ya ciki. Kullum sai na faɗa, kullum sai wani ya dawo yana cewa ai ya ƙirga, alhali yana ƙirgawa yana zagi. Haba jama'a, manya ne ku fa! Baki a rufe, sannan ƙirga.

Darasi na 3

Rashin barci da yunwa suna raunana birkin. A kwanta da wuri.

Darasi na 4

Rubuta a littafinka abu 1 da ya ɓata maka rai a makon nan. A zo da shi ranar Laraba.