Kurakuran da ɗalibai ke ta maimaitawa a lissafin tagwayen ƙarfi

Na gaji da cin karo da kuskure iri ɗaya a takardun sababbin ɗaliban injiniya. Mafi muni shi ne a ɗauke ƙarfi daga inda yake, a kai shi wani wuri hannu rabbana, ba tare da momen ɗinsa ba, wato juyin da ƙarfin ke haifarwa.

A ce an kafa ƙarfe mai tsawon mita 0.5 a bango, aka rataya nauyin niyuton 200 a bakinsa. Ɗalibi na son ya ga abin da bangon ke ɗauka, sai ya jawo kibiyar 200 ɗin ya dasa a jikin bango, ya wuce abinsa. To ina juyin da ke neman tumɓuke kusoshin? Ƙarfi na iya zamewa gaba ko baya a kan layinsa kyauta, amma da zarar ka gusar da shi gefe, dole ka biya: 200 sau 0.5, wato niyuton-mita 100. Wannan ya taɓa kayar da ni jarrabawa, shi ya sa ba na ɗaga wa kowa ƙafa a kansa. Ni dai har yau sai na zana kibiyoyi biyu masu girma ɗaya a sabon wurin, ɗaya sama ɗaya ƙasa, na kewaye ta saman da ta asali da biro. Abin da na kewaye shi ne tagwayen ƙarfin, wato ƙarfi biyu masu girma ɗaya da ke tura kishiyar juna a kan layuka daban. Wasu malamai na ganin ɓata lokaci ne, amma ba na bari.

Sai batun tazara. Direba ya riƙe sitiyari mai faɗin mita 0.4, kowane hannu na tura niyuton 30, ɗaya sama ɗaya ƙasa. In aka tambayi momen ɗin, amsa niyuton-mita 12 ce. Wani zai kawo mini 6 don ya ɗauki rabin faɗin, wani 24 don ya ninka. Haba jama'a! Ƙarfi ɗaya ake ɗauka, a buga shi da tazarar da ke tsakanin layukan biyu, kuma tazarar a miƙe take, ba a karkace ba. Kuma ku daina tambayata a wane ɗigo za a ɗauki momen ɗin. Tun 1803 Louis Poinsot na Faransa ya fayyace cewa juyin tagwayen ƙarfi ɗaya ne ko daga ina ka auna shi.

Jimillar ƙarfi ta zama sifiri ba ta nufin abu ya tsaya cik. Duba momen tukuna. Nauyin da ya bazu kamar alwatika a kan bim (dogon ƙarfe ko katako mai ɗaukar nauyi), ƙarfi ɗaya da zai maye gurbinsa na zama a sulusin tsawo daga ɓangaren mai nauyi, ba tsakiya ba. Ka zaɓi juyin da za ka kira tabbatacce (mai alamar +) tun farko, ka rubuta a saman takarda. Milimita kuwa, mai da su mita kafin ka taɓa kalkuleta.