Darasi na 6: Mai a abincin ƴan tsaki da garkuwar jikinsu

Ɗan tsako yana fitowa daga ƙwai da guzurinsa. Ragowar gwaiduwa tana cikin cikinsa, cike da mai da kuma kariyar da uwa ta ba shi. Jikinsa yana shanye ta cikin satin farko. Kariyar uwa kuwa tana raguwa, zuwa sati 3 ta kusa ƙarewa. Daga nan sai abin da jikinsa ya gina da abincin da kuka ba shi.

Akwai wata ƴar jaka daga ciki, a saman duburar tsako. A nan ne ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta suke nuna. Ita ce ciwon Gumboro ke kamawa, galibi tsakanin sati 3 zuwa 6. In jakar nan ta tsumbure, ko an yi rigakafin Niyukasal, annobar da ke share kaji lokacin sanyi, ba ya kamawa yadda ya kamata.

Mai shi ke ɗaukar bitamin A, D, E da K daga hanji zuwa jiki. Bitamin A yana kare hanji da hanyar numfashi, E kuma yana taimakon ƙwayoyin garkuwa. Abincin da ba ya da maiƙo ba ya isar da su, ko da kun barbaɗa garin zogale a ciki.

Amma ba kowane mai ba. A sati 2 na farko ruwan matsarmamar tsako kaɗan ne, bai iya narkar da kitsen shanu ko na rago sosai. Kashi zai yi danƙo, ya manne a dubura. Man gujiya ko na waken soya ya fi sauƙin narkewa. Ku sa babban cokali 1 cikin kilo 1 na abinci, kada ya wuce 2. Ku fara murza man da hannu cikin ɗan dusa har ya bi ko'ina, sannan ku gauraya da sauran. In ya yi yawa, tsako yana ƙoshi da wuri, ya bar abincin da ke gina tsoka.

Man kifi daban ne, yana rage kumburi a jiki. Garin busasshen kifi, irin na tabkin Tabalak, giram 30 zuwa 50 cikin kilo 1 ya isa, muddin ba mai gishiri ba ne. Gara ma tana da maiƙo mai kyau.

Inda muka fi ganin asara a nan Tawa shi ne man da ya ɓaci. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, buhun abinci kuma yana jingine a ɗakin kwano. Man da ke ciki sai ya canza wari, ya cinye bitamin E. Za ku ga tsako yana tangaɗi, yana karkace wuya, ya faɗi yana shure-shure. Da yawa sukan ɗauka Niyukasal ce. Ku kai shi wurin malamin dabbobi ya duba, ku kuma shinshina abincin. Don haka kada ku gauraya mai a abin da ya wuce cin kwana 3 zuwa 4. Man da aka yi ta soya ƙosai da shi har ya yi baƙi, araharsa kada ta ja ku.

Tunkuza da ƙuli-ƙuli suna da sauran mai, suna da amfani ƙwarai, sai dai ku ɓara ku duba ciki. Fumfuna mai launin kore-kore tana sakin gubar afalatoksin, wadda ke lalata hanta ta tsumburar da jakar nan ta saman dubura. Shanya a rana ba ta kashe gubar, dafuwa ma haka. Ku zubar da ita inda kaji da awaki ba za su kai ba.