Yadda na shawo kan farkawar jaririyata da dare

Da 'yata ta cika wata 4 sai barcinta ya rikice. Iya ta ce haƙori ne, a ba ta jiƙo. Na ƙi, don kafin wata 6 nono kaɗai ake so. Ungozoma ta ce a wannan lokacin barcin jariri ke zama sama-sama, ga kuma zafin Damagaram na bazara.

Sai na riƙa yi mata wanka bayan magariba, 'yar shimi kawai, in shayar da ita, in kwantar da ita rigingine cikin gidan sauro tun idonta na lumshewa, ba sai ta yi barci a goye ba. In ta motsa ba na kunna tocila, bubbuga ta nake a hankali. Yanzu yunwa kaɗai ke tashin ta.