Yadda ake fitar da mujiya daga dutse irin na mutanen Inuit

In kana son gwada sassaƙar dutse irin wadda Inuit ke yi can arewacin Kanada, to dan Allah ka fara da mujiya, kar ka ce sai farin beyar mai rawa da ƙafa ɗaya irin wanda masassaƙin Inuit Pauta Saila ya yi suna da shi. Mujiya jikinta a dunƙule yake, ba dogon wuya ba siririyar ƙafa, ko hannu ya ɗan kauce ana iya gyarawa.

Dutsen da za ka samu shi ne rabin aikin. Masassaƙan Kinngait da ke dab da tsibirin Baffin, garin da a da ake kira Cape Dorset, sun fi amfani da wani koren dutse mai suna safentin, su kuwa na garin Arviat dutsensu mai toka-toka ne mai taurin gaske, shi ya sa aikinsu ba yawan ado, ɗan tsagi kaɗan sai ka ga fuska ta fito. Kai da kake koyo nemi dutsen sabulu (soapstone), yana da laushi har farce kan iya kartarsa, da shi kakannin Inuit ke yin fitilar kitse tun kafin a fara sayar da sassaƙarsu a Montreal a 1949. Ka jiƙa shi da ruwa ka duba, duk inda akwai tsaga za ta nuna kanta, kuma nan ne zai fashe maka daga baya.

To anan ne nake so ka daɗe. Kar ka yi saurin ɗaukar zarto, ka ajiye dutsen a gabanka ka juya shi ta kowane ɓangare, ka kwantar ka tayar, har sai ka gane ina ya fi dacewa da kan mujiyar, ina ƙirji, wane tudu ne zai zama fiffike a naɗe. Mutanen Inuit mafarauta ne, sun san yadda mujiyar ƙanƙara ke karkata kai in ta ji motsi, shi ya sa tsuntsunsu ke da rai ko ba su zana gashi ko ɗaya ba. Kai ma ka yi ta kallon hotunan tsuntsun sai tsayuwarsa ta zauna maka a ka, sannan ka zana da fensir.

Fara da gindi, ka daidaita shi ya zauna daram, don in an gama aiki yana tangaɗi wallahi gyaransa wahala ne. Sai ka yanke manyan kusurwoyi da zarto, ka bi da magagari mai kaushi kana zagayawa, kar ka gama gefe ɗaya ka bar ɗayan. Baki da ƙarshen fiffike ka bar su da kauri sai can ƙarshe, su ne ke saurin karyewa. Idanu kuwa, faifai biyu masu ɗan zurfi sun isa.

Maganar ƙura ba wasa ba ce. Wasu duwatsun na ɗauke da asbestos, wani ma'adini mai cutar da huhu, shi ya sa za ka ga masassaƙan Nunavut, yankin Inuit a Kanada, a waje da injin girandarsu duk tsananin sanyi. Sa takunkumi mai kyau da tabarau, ka riƙa jiƙa dutsen.

Gogewa da sanfefa ake yi cikin ruwa, daga lamba 220 zuwa 400 zuwa 600, sai duk kartar magagari ta ɓace. Ka bar shi ya bushe, ka ɗan ɗumama, ka shafa kakin zuma ka goge da tsumma mai laushi, a nan launin dutsen ke fitowa.

In za ka sayar, ka ce naka ne, koyi ka yi. Tambarin Igloo Tag da aka fito da shi a 1958 na masu sana'ar Inuit ne kawai, kar ka kuskura ka jingina aikinka da shi.